Yadda Ake Furta Gajerun Sunayen Fasaha a Bakin Masu Rubuta Manhaja

Wanda ya koyi rubuta manhaja daga littafi da fuskar kwamfuta, da ido ya koya, ba da kunne ba. Zai iya shafe shekara biyu yana rubuta sunan manhajar nginx kullum bai taɓa jin an faɗe shi da baki ba. Ran da aka zauna taron aiki ko ganawar ɗaukar ma'aikata wani ya ce "injin-eks", sai ya yi tsuru yana tunanin wace sabuwar manhaja ce ta fito, alhali ita ce kullum a hannunsa. Abin yana damuna, domin mutum ya san aikinsa sarai, furuci kaɗai ya sa a ɗauka bai sani ba. Gyaransa kuwa ba wuya, in aka bi shi daki-daki.

Da farko ka dubi tsarin haruffan. Hanya biyu ce ake bi: ko a kira haruffa ɗaya bayan ɗaya, ko a haɗe su a karanta kamar kalma. In ka ga baƙaƙe jere babu wasali, kira su ɗaiɗai: HTML "ec-ti-em-el", CSS "si-es-es", SSH "es-es-ec". In wasali ya zauna tsakanin baƙi biyu, baki da kansa zai haɗe su: RAM "ram", ROM "rom", LAN "lan". Masu haruffa uku da suka fara ko suka ƙare da wasali galibi ɗaiɗai ake kiransu, irin su API "e-pi-ay", URL "yu-ar-el", USB da CPU. Dogaye masu wasula kusan duk sun zama kalmomi: JSON "jeson", YAML "yamel", ASCII kuma "aski", daidai da yadda muke faɗin tamu kalmar. Wannan ma'auni zai fitar da kai a mafi yawan lokuta.

Mataki na biyu, ka haddace 'yan tawayen da suka ƙi bin wannan tsari. Ba su da yawa. SCSI ba ta da wasali sai a ƙarshe, amma "sikazi" ake ce mata. GUI ta yi kama da CPU a ido, amma mutane da yawa "guwi" suke cewa. Qt masu ita sun ce "kiyut". WWW kuwa abin mamaki ne: a bakin Bature gaɓa tara ce, cikakken sunan da aka gajarta kuma gaɓa uku, shi ya sa wasu suka rage ta zuwa "dab-dab-dab".

Na uku shi ne wanda ya fi kowanne amfani: nemi abin da mai abu ya ce. Yawancin manyan manhajoji suna da shafin tambayoyi da amsoshi ko takardar ƙa'ida, kuma sau da yawa furucin na nan a rubuce. Takardar ƙa'idar PNG ta ce "ping". Takardar RFC 7519 ta 2015, wadda ta fayyace JWT, ta ba da shawarar a ce "jot". Aikin GNU, wanda Richard Stallman ya sanar a 1983, ya nemi a fito da G ɗin a fili, a ce "gnu" a gaɓa guda, kada a haɗiye ta. Donald Knuth, wanda ya ƙirƙiro TeX, ya bayyana cewa harafin ƙarshe ba X na Turanci ba ne, harafin Girkanci ne mai fitowa daga maƙogwaro, kusa da "kha" ta Larabci. Wanda ya yi karatun Larabci zai kama shi nan take; sauran jama'a "tek" suke cewa, LaTeX kuma "latek" ko "letek". Abin da ba a cewa shi ne "teks". In ba ka samu a rubuce ba, nemi bidiyon da wanda ya gina manhajar yake gabatar da ita, ka saurari minti biyun farko.

Sai dai maganar mai abu ba kullum take kashe gardama ba, kuma nan ne mataki na huɗu: ka san sunayen da aka rabu biyu a kansu, ka san dalilin kowane ɓangare.

Babbar cikinsu SQL ce. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce na kamfanin IBM suka wallafa bayanin wani harshe na neman bayanai daga rumbu, suka sa masa suna SEQUEL. Daga baya aka gano cewa kamfanin Hawker Siddeley na Ingila ya riga ya yi rajistar wannan suna, sai aka cire wasulan ya koma SQL. An canza rubutu, baki bai canza ba. Shi ya sa har yau wasu ke cewa "sikwel", wasu "es-kiyu-el", kuma kowa na da hujja. Inda za ka kula shi ne sunayen manhajojin da aka gina a kanta. SQL Server na Microsoft galibi "sikwel saba" ake ce masa. Takardun MySQL sun ce furucinsu na hukuma shi ne "may-es-kiyu-el", ko da yake sun ƙara da cewa ba su damu ba in ka faɗa wata hanya. PostgreSQL kuwa "postgres-kiyu-el" ne, ko ka huta ka ce "postgres" kawai, wanda masu ita ma sun amince da shi.

Sai GIF, wani tsarin adana hoto. Steve Wilhite ya jagoranci ƙirƙirar ta a kamfanin CompuServe a 1987, kuma a 2013, lokacin da aka ba shi lambar yabo ta Webby, ya nanata cewa "jif" ce. Duk da haka dubban masu sana'ar "gif" suke cewa, suna kafa hujja da cewa G ɗin daga kalmar Graphics ta fito. Ni wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin P ta JPEG daga Photographic take, mai sautin F, amma ba wanda ke cewa "jefeg". Ra'ayina shi ne: sunan manhaja kamar sunan mutum yake, a kira shi yadda mai shi ke so. Kalmar da ta riga ta shiga bakin duniya kamar GIF da SQL kuwa, ta fi ƙarfin mutum guda, kowacce ka ɗauka za a gane ka.

Na biyar, lambobi da alamomi. In ka ga lamba a tsakiyar haruffa biyu, ƙirga haruffan da aka cire take yi. K8s Kubernetes ce, haruffa 8 ne tsakanin K da S. Ka faɗi cikakken sunan, ko ka ce "kets". Haka i18n, wato internationalization, an cire 18. C# "si-shap" ne, daga alamar rubutun kiɗa aka aro sunan. IEEE kuma ana cewa "ay-tiripul-i", wato I da E uku.

Mataki na shida namu ne, masu jin Hausa. Harshenmu bai raba P da F ba, V kuma ba ta cikin haruffanmu, sai mu mayar da ita B. A hirar yau da kullum ba komai. A wannan sana'a kuwa IP adireshi ne, if umarni ne a cikin manhaja, kuma in suka fito iri ɗaya daga bakinka mai sauraro zai ruɗe. Ga yadda za ka horar da baki: wajen P, leɓɓa biyu su haɗu gam sannan su buɗe da ƙarfi, wajen F, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska na fita, V kamar F ce, amma da murya. Riƙe 'yar takarda a gaban baki, P za ta kaɗa ta lokaci guda, F za ta hura ta a hankali. Yi atisaye da PDF da FTP, tunda kowacce na ɗauke da sautukan biyu, sannan ka ƙara da PHP da VPN. Minti biyar a rana na mako biyu zai kawo canji da kai ma za ka ji.

Daga nan sai sauraro. In ka shiga sabuwar tawagar aiki, kasa kunne a kwanakin farko ka ji yadda suke kiran kalmomin sana'a irin su char, sudo da SQL, ka bi su a kai, ko da ba haka ka saba ba. Harafin Z ma "zed" ne a Ingila, "zi" a Amurka. In wani ya furta wani suna daban da naka, kada ka katse shi a tsakiyar taro. In sunan manhaja ne da ka tabbatar da furucinsa, ka faɗa masa daga baya ku biyu. In kuma ana magana ta waya ko bidiyo, sunan kuma zai shiga cikin umarnin da wani zai buga, kamar SSH da SSL, ko HTTP da HTTPS, kada ka dogara da murya. Ka faɗe shi, sannan ka rubuta shi a akwatin saƙo kafin ɗayan ya taɓa maɓalli.