Yadda nake gyaran makewayin lantarki na jirgin ruwa a kogin Yamai

Cikin jiragen da ke ɗaukar baƙi daga wajen gadar Kennedy zuwa kasuwar Bubon ta ranar Laraba, akwai waɗanda masu su suka sa wa makewayi mai aiki da batir. Ni sana'ata haɗa wayoyin lantarki ce, na mota da na jirgi, shi ya sa idan abin ya tsaya ake nemo ni. Kusan kullum maganar ɗaya ce: "Malam, injin ya ƙone." Ba kasafai yake ƙonewa ba. Yawanci yashi ne, ko leda, ko batirin da ya gaji, kuma duk ukun mai jirgi yana iya magance su da hannunsa.

Ka fara sanin abin da ke ciki. A irin na kamfanin Jabsco da na fi gani, inji ɗaya ke aiki biyu idan ka danna maɓalli. Wata ƴar farfela ta roba tana zuƙo ruwa ta siririn tiyo mai milimita 19, sai wuƙar niƙa ta farfasa ƙazanta ta tura ta cikin babban tiyo mai milimita 25 ko 38. Kafin ka taɓa komai, rufe robinen da ke shigo da ruwan kogi, ka zare fiyus, ka sa safar hannu. Kada ka raina zare fiyus ɗin nan. Yaron jirgi yana iya danna maɓalli yatsanka na kan wuƙa.

Idan ka danna ka ji shiru, laifin wuta ne. Mai bolt 12 yana jan kusan amfa 16, fiyus ɗinsa na amfa 25 ne. Idan ya tsinke, kada ka naɗa waya a gurbinsa kamar yadda wasu ke yi wa babur. Jirgin katako ne, ga man fetur kusa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. Amma awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda za ka yi a bakin injin lokacin da wani ke danna maɓalli. Idan ya faɗi ƙasa da 11, ko batir ya yi sanyi, ko wayar ta yi siriri ga tsawonta, ko mahaɗarta ta yi tsatsa saboda laima. Kankare ta, ka ɗaure da kyau. Masu sola su lura: da rana abin zai yi ta aiki lafiya, da magariba ya fara nishi, to batir ne ba ya riƙe wuta.

Idan kuwa yana gurnani amma ba ya juyawa, saki maɓalli nan take, wani abu ya shaƙe wuƙar. Nan ne inji ke ƙonewa da gaske, idan aka yi ta dannawa ana cewa zai wuce. Kwance kusoshin da ke riƙe injin a gindin masai, ka jawo shi, ka warware abin da ya naɗe. Ledar ruwa, tsumma, gashin kitso, audugar mata, su ne na saba cirowa. Mu da muke tsarki da buta mun ma huta da matsalar takarda. Ajiye ɗan kwando mai murfi a gefe, kuma ka gaya wa fasinja da bakinka kafin a tashi, cikin ladabi, domin ba kowa ke karanta abin da aka manna a ƙofa ba.

Babban ciwon kanmu a nan shi ne injin na juyawa amma ruwa ba ya zuwa. Masu ƙera abin nan ruwan teku suka sa a gaba, mu kuwa kogi gare mu mai cika biyu. A watan Agusta da Satumba ruwa yakan yi ja wur, domin kogunan Sirba da Dargol da Gorwal suna kwaso laka da yashi daga ɓangaren Burkina Faso su zuba sama da Yamai. Cikar da ke isowa daga Gine wajen Disamba da Janairu ta fi tsabta. Yashin jan ruwan nan yana cinye fukafukan farfelar roba, guntayen kainuwa kuma suna toshe bakin tiyo. Dole ka sa rariya tsakanin robine da inji, wadda ake ganin cikinta, kuma da damina ka wanke ta duk safiyar da za ka fita. Ni shawarar da nake ba kowa ita ce ya raba makewayin da kogi kwata-kwata: ɗan tanki ko babbar jarka, a zuba ruwan da ya kwanta, inji ya ja daga nan. Kada dai a haɗa shi da tankin ruwan sha.

Idan za ka sauya farfela, ƙirga fukafukan tsohuwar. Idan ɗaya ya ɓalle, nemo shi cikin tiyo, in ba haka ba zai toshe maka gaba. Shafa wa sabuwar sabulun ruwa kafin ka tura ta, ban da giris ɗin mota, yana kumbura roba. Kada ka taɓa barin ta juya ba ruwa, cikin ɗan lokaci take narkewa. Jirgin da ya yi zaman bazara a kan tudu cikin zafin Afrilu da Mayu, a buɗe a duba robobinsa kafin ya koma ruwa.

Ƙazanta tana dawowa cikin masai bayan an kora? Akwai wata roba a mafita mai kama da bakin agwagwa, tana buɗewa gaba ta hana komowa. Ɗaga ta ga haske. Idan leɓenta ba sa haɗuwa, ta gama aiki. Ina sauya ta duk shekara. Bakin ya dubi inda ruwa ke fita, kada ka juya ta.

Wanda masansa ke ƙasa da inda ruwan kogi ke tsayawa a jikin jirgi, tiyon da ke kai ruwa daga inji zuwa masai ya yi gwiwa sama, aƙalla santimita 20 bisa ruwan kogi, da ɗan bawul na shan iska a ƙololuwa. Rashin wannan yana sa kogi ya yi ta zuƙowa ciki cikin dare har jirgi ya nutse a inda aka ɗaure shi. Ko da gwiwar, rufe robine kafin ka tafi gida.

Wajen wanki, ruwan binegar ya isa: zuba kofi biyu sau ɗaya a wata, ka bar shi ya jima, ka kora. Jabel da gas da asid ɗin batir duk suna kashe roba. Idan wari ya ƙi ƙarewa, naɗa tsumma mai ɗumi a jikin babban tiyo, ka cire ka sansana. Idan ya ɗauki wari, tiyon ya tsufa, sai sabo. Duba kuma bututun iska na tankin ƙazanta, zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki.

Tankin nan ina roƙonka da Allah ka sa shi, kada ka saki ƙazanta cikin kogi. Ruwan famfon Yamai daga nan ake jan sa, a Gudel da Yantala. Ga masu wanki a bakin gada, ga masu lambu, ga yara suna iyo, kuma mun san abin da kwalara ke yi. Idan ya kusa cika, kira motar kwasar masai ta zuƙe a bakin gaɓa.

Tiyo da maɗauransa da fiyus za ka samu a kasuwar Katako. Farfela da bakin agwagwa kuwa sai an yi saƙo, don haka rubuta lambar da ke jikin injinka, ka ba mai zuwa Kwatano ko Legas ya kawo maka bibbiyu tun kafin damina ta sauka.