Rajistar Injiniya: inda ɗalibanmu na Zariya ke yin tuntuɓe

Ɗaliban injiniya da yawa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suna ɗauka cewa ranar da aka miƙa musu digiri sun zama injiniyoyi. Da sauran aiki. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda doka ta kafa a 1970, ita ke ba da lambar rajista da hatimin da ake buga wa zane, kuma sai mutum ya yi shekara 4 yana aikin injiniya bayan kammala karatu. NSE kuwa, wato ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, ƙungiyar 'yan sana'a ce tun 1958. Shiga cikinta na da amfani, amma ba ita ke ba da lasisi ba.

Babban kuskuren dai yana farawa ne tun lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibi yana cikin karatu. Ɗalibi zai ajiye littafin rubuta ayyukansa na kullum wata da watanni, ana gobe za a karɓa ya zauna a ɗaki ya cike shi da abin da ya faɗo masa. Wannan ɗabi'ar ce ke bin sa har wurin aiki, shekaru su wuce bai rubuta komai ba. Ranar ganawar neman rajista kuwa manyan injiniyoyi za su buɗe rahoton ayyukan da ka yi su ce, "To, kai me ka yi a nan? Me ya sa ka sa rodi mai milimita 16 ba 12 ba? Da aka gwada kankaren a kwana 28, me ya nuna?" Mai cewa "mun yi, mun yi" nan take ake gane shi. Maganin ba wuya: ka sayi littafi tun yanzu, ka riƙa rubuta kwanan wata, wurin aiki, lissafin da ka yi da hannunka da matsalar da ta taso, ka haɗa da hoto, injiniya mai rajista ya sa hannu.

Kwafar rahoton wani kuwa, kada ma ka fara. Waɗanda za su yi maka tambaya sun karanta irinsa har sun gaji.

Wasu kuma suna komawa haddar lissafin aji biyu na jami'a, su bar ƙa'idojin sana'a da ladubbanta, alhali a nan tambaya ke yawan fitowa.

'Yan HND (babbar difloma) na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli su sani rajistarsu ta masanin fasaha ce. Mai son ta Injiniya sai ya ƙara da PGD, wato diflomar gaba da digiri, kuma kafin ya biya kuɗin makaranta ya tabbatar COREN ta amince da kwas ɗin.