Yadda gidan renon yara zai shiga shirin CACFP a Amurka a riƙa mayar masa da kuɗin abinci

'Yan uwana mata masu gidajen renon yara a nan Amurka, wallahi abin yana damuna in ga mace tana ciyar da yara ashirin ko talatin kullum daga aljihunta alhali akwai kuɗin da gwamnati ta ware don a mayar mata. Sunan shirin CACFP, yana ƙarƙashin ma'aikatar noma ta tarayya wato USDA, asalinsa tun 1968, amma jiha ce ke tafiyar da shi don haka can za ki dosa. A Niyok ma'aikatar lafiya ce, a Tekzas ta noma, a Merilan kuma ta ilimi. Ki rubuta CACFP da sunan jiharki a Google za ki ga ofishin.

Kafin ki kira kowa ki tabbata lasisinki na reno yana da rai. In wajenki ba na neman riba ba ne to hanya a buɗe take da takardar yafe haraji. In kuma na kasuwanci ne, kamar yadda yawancin namu suke, sai a ce aƙalla kashi 25 cikin 100 na yaran sun fito daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ana lissafin ne da yawan yaran da aka yi wa rajista ko yawan da lasisi ya yarda ki ɗauka, wanda ya fi ƙanƙanta.

Hanyar shiga biyu ce. Ko ki ƙulla yarjejeniya da jiha kai tsaye, ko ki bi ta hannun sifonsa, wato ƙungiyar da za ta riƙe miki lissafi ta tura buƙatar biya, ita kuma doka ta yarda ta cire har kashi 15 cikin 100 na kuɗin abincin da aka biya. Mai reno a cikin gidan da take zaune ita dole ta bi sifonsa. Ni a ganina in yaranki ba su da yawa kuma ba ki da mai taya ki aikin ofis, ki fara da sifonsa, wannan kashi 15 ɗin ya fi miki sauƙi a kan a zo bincike a ce ki dawo da kuɗin wata uku. Mai son kai tsaye kuma ta shirya, za a nemi lambar UEI, wato lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa a shafin SAM.gov, da kasafin kuɗi, da bayanan banki, za ki zauna horo, sannan jami'an jiha su zo su ga wajen da idonsu kafin su sa hannu.

Abin da ake biya a rana ga kowane yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa shi ne abinci biyu da abin taɓawa ɗaya, ko abinci ɗaya da abin taɓawa biyu. Farashin kuwa ya danganta da fom ɗin samun kuɗi da iyaye suka cike, gidan da samunsa bai wuce kashi 130 na ma'aunin talauci ba shi ake biya wa mafi tsoka, sai mai bi masa zuwa kashi 185, sauran kuma ɗan kaɗan ne, kuma duk 1 ga Yuli ake sabunta farashin. A nan ne ake shan fama da mutanenmu, don ba kowane magidanci ke son rubuta albashinsa ba. Ki zaunar da uwar yaro ki ce mata maman wane, in kuna karɓar tallafin abinci na SNAP ko tallafin kuɗi na TANF lambar kes kawai za ki sa, ba sai kin faɗi ko sisi ba. Fom ɗin da ba a cike ba, mafi ƙarancin farashi za a biya ki a kan yaron.

Sai girkin kansa. Abincin rana dole ya haɗa madara, nama ko madadinsa, kayan lambu, 'ya'yan itace da hatsi. Ɗan shekara 1 madara mai cikakken maiƙo, daga 2 zuwa 5 mai kashi 1 ko marar maiƙo, ba mai cakulan ba. Jus sau ɗaya a rana. Babu mai tilasta miki naman alade, kazar halal ta wadatar, wake ma yana zama madadin nama don haka shinkafa da wake ta shiga. Sai dai ki duba buhun, farar shinkafa sai wadda aka rubuta an ƙara mata sinadarai ake lissafawa, kuma ba kowace ta shagon 'yan Afirka ce haka ba. Sau ɗaya a rana a samu hatsin da ba a surfe ba, kamar shinkafa mai ruwan ƙasa ko burodin alkama zalla. Ƙosai kam ki haƙura, an hana tsoma abu cikin mai a soya a wajen renon, ki yi musu alale.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ƙirga yaran da suka ci abinci. Takardar tana manne a bango kusa da teburin cin abinci, yaro na zama da farantinsa ana yi masa alama a lokacin, ba da yamma a zauna ana tunanin wa ya ci wa bai ci ba, kuma kada ki kwafa daga rajistar zuwa. Rasit ɗin madara ki adana shi sosai don da shi za su auna ko galan ɗin da kika saya ya ishi yaran da kika rubuta. Tun bayan badaƙalar Feeding Our Future a Minesota, inda a 2022 aka gurfanar da mutane kan kusan dala miliyan 250 na abincin yara, ba a ɗaukar ƙarin lamba da wasa, wanda aka kore shi sunansa na shiga jerin waɗanda aka haramta wa shirin na shekara 7.

Buƙatar biya ki tura ta duk wata, iyaka kwana 60 bayan ƙarshen watan, wasu jihohin ma sun rage. Takardu kuma ki ajiye na shekara 3 ban da wadda ake ciki, ki sayi babban fayil ki ware wa kowane wata nasa.