Yadda Ake Samun Takardar Shaidar Jati a Indiya, da Inda Ake Tuntuɓe

Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda B.R. Ambedkar ya jagoranci rubuta shi, ya haramta ƙyamar da ake yi wa 'yan Dalit, wato waɗanda al'ada ta ajiye a ƙasan kowa har ake gudun taɓa su, a sashe na 17. Amma jati, wato rukunin da aka haifi mutum a ciki, bai gushe ba. Ya koma cikin fayil ne. Yau ɗan Dalit da ke neman gurbin da aka ware wa rukuninsa a jami'a ko aikin gwamnati, sai ya tabbatar da asalinsa da takarda mai hatimi.

Da farko mutum ya san rukuninsa. A matakin tarayya an ware kashi 15 cikin 100 na gurabe ga SC, wato Dalit, da kashi 7.5 ga ST, ƙabilun asali, sai kashi 27 ga OBC, sauran rukunan da aka bari a baya. Na OBC ya samo asali daga rahoton hukumar Mandal na 1980, wanda gwamnatin V.P. Singh ta aiwatar a 1990. A 2019 aka ƙara kashi 10 ga talakawan da ba su cikin waɗannan rukunai.

Daga nan a duba jerin sunaye, domin nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Kowace jiha da nata jerin, kuma ga OBC jerin jiha daban, na tarayya daban. Jati zai iya kasancewa a jerin jiharsa amma babu shi a na tarayya, to takardar jiha ba za ta yi masa aiki a jarrabawar tarayya ba. Rubutun sunan ma sai ya zo daidai da yadda yake a jerin, bambancin harafi guda kan mayar da fayil baya. Wanda kuma iyayensa suka yi ƙaura zuwa wata jiha, kason jihar da ya koma ba nasa ba ne, sai na jihar asali da na tarayya.

Takardun da ake haɗawa: katin shaidar mutum na Aadhaar, shaidar mazauni, takardar barin makaranta wadda aka rubuta jatin a ciki, takardar rantsuwa, sai uwa-uba takardar jati ta mahaifi ko wani dangi na wajen uba. A bisa al'ada uba ake bi. Aure ba ya canja komai, macen da ta auri ɗan Dalit ba ta shiga kason SC. A Maharashtra har hujjar da ta nuna zaman dangi a jihar kafin 1950 ake nema ga SC, shi ya sa ake tono tsofaffin rajistocin makaranta da na filaye. Abin takaicin shi ne waɗanda suka fi cancanta su ne kakanninsu ba su taka makaranta ba, ba su kuma mallaki gona ba, balle a samu sunansu a rajista.

Ana miƙa buƙata a ofishin tahsildar, wato babban jami'in haraji da filaye na gunduma, ko ta shafin intanet na jiha. Jami'in haraji na yankin zai yi bincike, sannan a sa hannu. Wasu jihohin kan ƙara tantancewa ta biyu a gaban kwamiti, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1994 kan takardun bogi. Wanda aka kama da ta bogi, aikin ko digirin na iya salwanta ko bayan shekaru.

Ɗan OBC yana da ƙarin wahala. A shari'ar Indra Sawhney ta 1992 kotu ta ce a fitar da masu maiƙo daga cikinsu. Ana duba kuɗin shigar iyaye, ba na mai nema ba, na shekara uku a jere, kuma iyakar ita ce rupi 800,000 a shekara tun 2017. 'Ya'yan manyan jami'an gwamnati ma ba su cikin kason OBC. Takardar da ke nuna mutum ba ya cikin masu maiƙo tana tsufa, don haka a karanta sanarwar jarrabawa a ga wace shekarar kuɗi ake so. Ta SC da ST kuwa ba a saba sabunta ta ba.

Sai batun addini. Dokar shugaban ƙasa ta 1950 ta taƙaita matsayin SC ga mabiya Hindu, aka ƙara 'yan Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990. Musulmi da Kirista ba su ciki, ko da kakanninsu sharar titi suka gada. Ɗan Dalit da ya musulunta ya rasa takardar SC, sai dai ya duba ko rukuninsa yana jerin OBC, inda akwai rukunan Musulmi da dama, kamar masaƙan da ake kira Ansari. Ga ST kuwa addini ba sharaɗi ba ne.