Yadda zaka girma cikin bangaskiya a Legas, daga ƙuruciya har furfura

Shekarata 17 a Agege, kuma abinda na gani shine garin nan baya barin bangaskiyar mutum yadda yazo da ita, ko ta ƙaru ko ta tsiyaye. A gida in ka fasa sujada Lahadi biyu dattijon ikilisiya zai tako har ƙofarku, anan kuwa sai kayi wata shida ba wanda ya tambaya. Toh girma cikin Ubangiji a Legas sai ka shirya masa, furfura bata kawo shi. Ibraniyawa sura 5 tayi kuka da mutanen da ya kamata ace suna koyar da wasu amma har yanzu madara suke sha, Yohanna kuma a wasiƙarsa ta fari sura 2 ya kasa mu uku, yara da samari da ubanni, kowa da tasa maganar.

Na yara aikin iyaye ne. Sande Sukul awa ɗaya ce a sati, bazata raina maka ɗa ba. Ku ware minti goma da dare, ko da wuta ko ba wuta, a karanta aya ɗaya da Hausa, a rera waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, sai kuce yaron ya faɗi abinda ya gane da bakin da ya iya, in da burokin ne ko Yarbanci ku barshi, ganewar ake nema. Timoti ma a wajen kakarsa Loyis da uwarsa ya fara.

Yanzu kai saurayi ko budurwa da mota ta sauke a Mile 12 ko Ojota da jaka ɗaya, nan ne zan daɗe domin nan muka fi asarar mutane. Lahadin farko ka nemi coci, kar kace sai na samu aiki tukuna, akwai ECWA da COCIN da EYN a garin nan, akwai masu sujada da Hausa, tambaya kawai zakayi. In an tashi kar ka sulale, kaje ka gaida fasto ko wani dattijo ka faɗi sunanka da garinku da inda kake kwana, ka bada lambarka. In baka yi baftisma ba ka shiga aji. Sannan ka nemi mutum ɗaya da ya girme ka a shekaru da kuma tafiya da Yesu, ka bashi izini da bakinka ya riƙa tambayarka abu mai nauyi, ina albashinka ya tafi, wace yarinya ce wannan, me kake kallo a waya da dare, ka daina cacar ƙwallo ko kana nan. Ba tare da wannan mutumin ba sauran duk basa daɗewa.

Akwai wani yaro mai gadi a Lekki, Lahadi ɗaya ake bashi hutu a wata. Kafin gari ya waye yake karatu a ɗan ɗakin bakin get da wayarsa mai fasasshen gilashi, kafin oga ya fito a buɗe wa mota, ran Asabar da yamma sai ya kira ni yace "Baba na karanta amma wajen ɓauren nan da Yesu ya la'anta ban gane ba", sai muyi minti ashirin akai. Markus muka fara tunda sura 16 ce kawai, daga nan Karin Magana, sura 31, kowace rana ɗaya har wata ya ƙare. In kai danfo kake shiga da asuba zuwa Oshodi, saka abin kunne ka saurari Littafi Mai Tsarki na murya, go-silo ɗin nan ya ishe ka sura uku.

In kuma ka faɗi, kuma da yawanmu mun faɗi, kar kunya ta hana ka dawowa. A wannan garin ne samari uku Turawan mishan, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka a Disamba 1893 da niyyar kai bishara arewa, kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake gwadawa bai yiwu ba, sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Pategi a 1902, daga aikin nan ECWA ta fito a 1954.

Mu magidanta haɗarinmu daban ne. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, na gida suna kira a turo, ga kwamiti uku a coci, sai mutum ya ɗauka yawan hidima shine girma. Ba shi bane. Ma'aunin yana Galatiyawa 5, ƙauna, haƙuri, kamunkai da sauransu, kuma ba kai zaka auna kanka ba. Ka zaunar da matarka ka tambaye ta, Maman yara a bana na fi bara sauƙin fushi ko na ƙaru, kayi shiru ka ji amsar ba gardama. Ke ma ki tambayi maigidanki. Ka duba yadda kake a layin famfo da safe da ranar raba kuɗin wuta a gidan haya, maƙwabcinka Musulmi ko Bayarabe wannan wa'azin yake ji. In ka yi wa ɗanka tsawa ba laifinsa, ka kira shi kace ɗana yi haƙuri na yi kuskure, abu ne mai wuya a bakin uba, na sani, amma kayi.

Iyayenmu tsofaffi, dan Allah kar kuce naku ya ƙare. Kalibu yana da shekara 85 ya roƙi ƙasar tuddai, Hannatu annabiya tana tsohuwa tukuf bata rabuwa da haikali. Aikinku yanzu miƙawa ne, Titus sura 2 ta faɗa a fili, tsofaffin mata su koya wa ƙanana. Wata mama a Zumuntar Mata tamu ta shekara wajen ashirin tana buga tulu a lokacin waƙa, da ta sa ranar komawa gida sai ta ɗauki wata amarya, kowace Talata bayan zumunta su zauna a benci na baya, ta kama hannunta ta ɗora a bakin tulun tana cewa "a hankali 'yata, ki saurari masu waƙa tukuna", daga tulu hira ta kai ga zaman aure da addu'a da yadda ake riƙe baki. Baba, Mama, in kuna shirin komawa gida, ku zaɓi mutum biyu tun yanzu, ku basu rana a sati, ku faɗa musu har da inda kuka yi tuntuɓe.