Yadda za ka gyara tsohuwar Starlet da hannunka ta jure zafi da ƙurar Maradi

Mai sha'awar koyon gyaran mota a gida, ba don neman abinci ba, da wuya ya sami motar da ta fi tsohuwar Toyota Starlet sauƙin sha'ani. Kamfanin ya daina ƙera wannan samfurin tun 1999, amma har yau tana yawo a titunanmu, kuma kayanta ba sa wuyar samu a wurin ƴan kayan gyara na cikin gari, abin da ya gagara kuwa ana aikowa da shi daga Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Injinan da aka fi gani a cikinta biyu ne, wato 2E mai kafireto da 4E-FE mai injekta, kowannensu wajen lita 1.3, kuma da sufana mai lamba 10, 12, 14 da 17, da filaya da sukundireba da jak, za ka iya kwance mafi yawan abin da ke buƙatar kwancewa.

Matasa da yawa suna fara kashe kuɗinsu a kan fenti da rim mai walƙiya da salansa mai ƙara. A ganina wannan kuskuren tsari ne, domin abin da ke kashe ƙaramin inji a ƙasar nan zafi ne, musamman a watannin Afrilu da Mayu da rana ke haura digiri 40. Saboda haka aikin farko shi ne hanyar ruwan sanyaya inji.

Ka bari inji ya huce sarai kafin ka taɓa murfin lagireto, don ruwan da ke ciki yana iya fesowa ya sale maka fuska. Bayan ka buɗe, ka dubi launin ruwan. Idan ja ne na tsatsa, ka kwance tiyon ƙasa ka zubar, ka yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau. Sannan ka matsa kowane tiyo da yatsu: wanda ya yi tauri yana tsagewa, da wanda ya kumbura ya yi laushi kusa da maɗauri, duk sun gama aiki. Robar murfin ma ka duba ta, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa, kuma murfin da ya mutu yana sa mota zafi ko da lagireton sabo ne. Idan za ka cika, ka guji ruwan rijiya, wanda ke barin gasa-gasa a cikin ƙananan hanyoyin lagireto har su toshe. Ka sayi ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a jarka, sannan ka tada mota murfi a buɗe na ɗan lokaci, iskar da ta maƙale ta fita.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire tamostat (ƴar ƙofar da ke tare ruwa kada ya wuce lagireto sai inji ya yi zafi) da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa muddin mota na kunne. Ban goyi bayanta ba. Tamostat yana buɗewa ne idan ruwa ya kai wajen digiri 82, kuma aikinsa shi ne ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a ciki. Idan babu shi, inji yana daɗewa a sanyaye, musamman da safiyar hunturu, sai ya ƙara shan mai, ya kuma ci kansa da wuri. Motar da ke zafi tana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko abin da ke kunna fanka ya mutu, kuma dalilin ya kamata a nema. Idan kuwa ka zaro sandar auna baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi mai madara, ko ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, to gasket ɗin kan inji ya ƙone, kuma wannan aiki ne da za ka yi tare da gogaggen makanike a karon farko.

Dukan injinan biyu suna amfani da bel ɗin taimin na roba, mai daidaita juyawar saman inji da ta ƙasansa, wanda ake sauyawa a kowace kilomita 100,000. Tunda ba ka san tarihin motar da ka saya ba, ka sauya shi kawai, tare da famfon ruwa idan hali ya yi, kuma kafin ka cire tsohon ka tabbata alamomin taimin na sama da na ƙasa sun daidaita.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. A lokacin hazo, ko idan kana yawan bin hanyoyin ƙauyuka na wajen Madarunfa da Dakoro, ka riƙa ciro matatar iska kowane mako kana kakkaɓe ta, ka ɗaga ta sama ka duba: idan haske ba ya ratsa ta, ko takardar ta yage, ka saka sabuwa. Kada ka yarda da buɗaɗɗiyar matatar nan mai siffar mazurari da ake cewa tana ƙara gudu, domin zafin inji take zuƙa, kuma mai arha daga cikinta tana barin rairayi ya wuce. Juyen baƙin mai kuwa, kilomita 5,000 ta isa a irin yanayinmu, tare da sabuwar matatar baƙin mai. Mai shan fetur na kwalba ya riƙa sauya matatar fetur a kai a kai.

Idan ka zo kan ƙafar mota, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka tokare ta da ƙarfen tokara a kan ƙasa mai tauri, ka sa dutse a bayan taya. Ka duba robar da ke rufe gaɓar shaf ta gaba, don da zarar ta yage yashi yana shiga cikin giris, kuma ba da jimawa ba za ka fara jin ƙas-ƙas idan ka karya kwana. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, misali 2319, ma'ana an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ka karanta su kafin ka sayi taya ta hannu, ko da zanenta yana da kyau.

Sai bayan wannan ne ake maganar sauye-sauye. Rage wa mota tsawo, kamar yadda ake gani a hotunan Turai da Japan, bai dace da rairayin unguwanninmu da kwazazzaban damina ba. Abin da zai amfane ka shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji wanda zai kare tukunyar baƙin mai daga dutse, da shokozoba masu kyau, da rim ɗin asali mai inci 13, wanda tayarsa ke da kaurin shanye rami. Idan fitilu sun yi rauni, ka ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta bi ta rile da fis, sannan ka auna caji da mita: mota na kunne, ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Wanda zai sauya launin mota ko ya saka wani inji kuma, ya fara tuntuɓar ofishin da ke ba da takardun mota, don abin da ke rubuce ya yi daidai da abin da jami'i zai gani a hanyar Damagaram ko ta Ɗan Isa.