Darasi na 9: Ciwon Dasashi da Maganin da Ake Haɗawa da Jininka

Idan ka yi aswaki ka tofar, ka ga jini a cikin yawu, kada ka ce ba komai. Dasashi ne yake kuka.

Ragowar abinci na maƙalewa a gindin haƙori. Ƙwayoyin cuta su taru a wurin, dattin ya daskare ya yi tauri kamar dutse. Sai dasashi ya kumbura, ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A baki mai lafiya zurfin wurin bai wuce milimita 3 ba. Idan ya kai 5 ko 6, aswaki da buroshi ba sa isa ƙasansa. Baki ya riƙa wari, haƙori ya fara girgiɗa. Mai ciwon suga da mai shan taba sun fi shan wahalarsa.

Aikin farko shi ne likitan haƙori ya kankare dattin nan har gindi. Babu maganin da zai maye gurbin wannan.

Akwai kuma wata dabara da ake gwadawa. A shekarar 2001 wani likita a Faransa, Joseph Choukroun, ya fito da hanyar sarrafa jinin majinyaci. Ana ɗibar jini kaɗan a hannu, kamar cikin ƙaramin cokali biyu. A zuba a ƴar kwalba, a sa a na'ura ta yi ta juya shi da gudu kamar minti 12. Jan jinin ya kwanta a ƙasa. A tsakiya kuma wani gudan abu ya fito, rawaya, mai yauƙi. Wannan gudan yana taimaka wa rauni ya warke, kuma jiki ba ya ƙin sa, tunda daga jikin ya fito.

Masu bincike suna haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl. Sai a cusa shi cikin ramin dasashi. Maganin ya riƙa fita a hankali na ƴan kwanaki, daidai inda cutar take. Ba sai ya bi ciki ya zagaye jiki ba.

Har yanzu gwaji ake yi, kuma aikin asibiti ne. Don Allah kada ka farke kafso ka barbaɗa a dasashi, kada kuma ka sayi Flagyl a kemis ba da umarnin likita ba. Haka ƙwayoyin cuta suke koyon jure magani.

Aiki: Gobe da asuba, bayan aswaki, duba yawunka. Rubuta abin da ka gani a jimla biyu, ka kawo aji.